Mai Saran Bishiya: Me Ya Sa Muke Biyansa da Itace Muna Jiran Tsautsayi?

A garuruwan Arewa, kasuwar masu saran bishiya tana buɗewa ne daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni. Lokacin ne hadari ke fara haɗowa daga gabas, iskar da ke gaban ruwan farko ta riƙa yaye kwanon rufi, kowane maigida kuma ya ɗaga kai ya dubi darbejiyar ƙofar gidansa da wani irin ido. Reshen da aka sha inuwarsa duk bazara sai ya koma abin tsoro. Sai a aika a kira mai sara. Zai zo da gatari ko adda, wani da injin yanka itace a kafaɗa da galan ɗin fetur, yaro ɗaya ko biyu na biye da shi, ga igiyar da ta ga jiya ta ga yau. Ya tuɓe silifas, ya yi bisimilla, ya rungumi bishiya ya hau. Kafin la'asar an gama. Bishiya ta koma gungume a tsaye, rassa sun cika kura, kowa ya kama gabansa.

Ba kasafai ake tambayar yadda wannan bawan Allah ke aikinsa ba, sai ranar da aka ji ya faɗo, ko inji ya sare masa cinya, ko wuta ta ja shi. Ranar ma magana ɗaya ake yi: tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. A ganina wannan aiki yana barin majinyata biyu, mutumin da ya hau da bishiyar da ya hau, kuma ciwon nasu daga wuri ɗaya yake tasowa, wato daga cinikin da aka yi a ƙasa tun kafin a ɗaga gatari.

A wurare da yawa ba a biyan mai sara kuɗin kirki. Maigida kan ce, "Malam, ka rage mini ita, itacen naka ne," wani lokaci ya ɗora ɗan abin shan ruwa a kai. Shi kuma mai sara ya san inda zai kai itacen: gidan burodi, masu faskare, masu gawayi, ko masu yanka katako idan gungumen ya yi kauri. To mutumin da ladansa ke cikin nauyin abin da ya sauke, wane dalili zai sa ya tsaya zaɓen ƙananan rassa? Babban reshe shi ne kuɗi. Kuma babban reshe shi ne mai kisa, shi ne mai fasa katanga, shi ne kuma mai bar wa bishiya raunin da ba za ta iya rufewa ba. Ga gaggawa, domin yau ɗin nan yake son ya gama ya kai kaya kasuwa. Daga wannan ɗan ladan ake so ya sayi hular kwano da igiya mai kyau? Maigida yana ganin ya samu aiki kyauta, alhali wani ne zai biya da ƙashin bayansa.

Mu fara da nauyi, domin ido yana ruɗin mutum idan abu yana sama. Ɗanyen itace cike yake da ruwa. Guntun reshe mai kaurin santimita 30 da tsawon mita 1 yakan fi buhun siminti nauyi, mai tsawon mita 3 kuwa ya doshi buhu huɗu. Wannan ne ake ɗaura wa igiya a ce yaro ɗan shekara goma sha biyar ya riƙe a ƙasa, wani lokaci har ya naɗe ta a hannu don kada ta suɓuce. Da reshen ya rabu da uwarsa, ko dai igiyar ta fizgi yaron sama, ko ta zare masa fatar tafin hannu, ko reshen ya yi lilo ya dawo ya doki wanda ke sama. Masu sanin aikin ba sa riƙe nauyi da ƙarfin damtse. Sukan zagaya igiyar a jikin wata bishiya ko a gindin wadda ake sara, gogayyar igiya da ɓawo ta ɗauke nauyin, a riƙa sassautawa a hankali. Kuma sukan yanka reshen gunduwa-gunduwa tun daga bakinsa, maimakon a sauke shi ɗungurungum.

Sai faɗuwa. Wanda ya suɓuto daga tsayin mita 5, wato ƙasa da rabin babbar darbejiya, yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 36 a awa. Abin da ya sa mai sara yake faɗowa ba rashin iya hawa ba ne. Yawancinsu tun suna yara suke hawan mangwaro da tsamiya, ƙafarsu ta san ɓawo. Matsalar ita ce hawa daban, aiki a sama daban. Mai hawa yana da hannu biyu da ƙafa biyu a jikin bishiya. Mai sara kuwa ya ba gatari hannayensa, ƙafa kawai ta rage, kuma a daidai lokacin da reshe ya ɓalle, bishiyar da aka sauke wa nauyi takan yi girgiza ta watsar da shi. Akwai kuma reshen da gara ta cinye ta ciki, waje lafiya lau, ciki holoƙo. Tsofaffin masu sana'ar sukan ƙwanƙwasa da ƙeyar gatari su saurara kafin su ɗora ƙafa. Kowace bishiya da halinta: turare tana yar da reshe ba sallama, itacen kuka laushi gare shi kamar ba itace ba, tohon darbejiyar da aka taɓa ƙundumewa kuwa ba abin dogaro ba ne ko ya yi kauri.

Wasu kan ɗaura igiya a ƙugu, su ce sun yi maganin faɗuwa. Shuɗiyar igiyar roba da ake jan guga da ita rana tana cinye ta, tana kuma iya tsinkewa ba tare da ta nuna alama ba. Ko ba ta tsinke ba, igiya zalla a ƙugu idan ta tare mutum a tsakiyar faɗuwa tana iya karya masa haƙarƙari ko ta matse masa numfashi yana reto. Abin da aka ƙera don wannan aiki ɗamara ce mai faɗi da ke kama ƙugu da cinyoyi, da ƙugiyar ƙarfe mai makulli, da igiyar hawa da aka rataya a mararrabar reshe mai ƙarfi sama da kan mai aiki. Igiyar da ke riƙe mutum kuma ba a sauke itace da ita. Wannan ƙa'ida ko sisi ba ta ci, amma sau da yawa igiya ɗaya ce tilo ake komai da ita.

Injin yanka itace ya canza sana'ar gaba ɗaya. Bajamushe Andreas Stihl ya ƙera nasa na lantarki a 1926, mai fetur ya biyo baya a 1929, yau kuma Stihl da Husqvarna na ƙasar Suwidin da tarin kwaikwayonsu sun cika kasuwanninmu. Aikin da gatari ke yini a kai, inji ya gama shi kafin shayi ya huce. Amma gatari yana ba mutum lokacin tunani. Tsakanin sara da sara yana jin ƙarar itace, yana ganin inda ya fara tsagewa. Inji ba ya ba da wannan dama. Sarƙarsa na gudun kimanin mita 20 a daƙiƙa, kuma ba yanka take yi ba, yaga nama take yi. Mafi munin halinsa shi ne harbi: idan saman tsinin ƙarfen da sarƙar ke zagayawa ya taɓa wani reshe ko ƙusa, injin yakan yi tsalle ya nufo fuska ko kafaɗa cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Don haka ne aka sa masa birki a gaban hannun hagu, wanda ke tsayar da sarƙa nan take. Abin takaici, za ka ga injin da birkinsa ya karye an ci gaba da aiki da shi, da tsofaffin manyan injuna da aka yi don kayar da gungume a daji an haura da su sama ana riƙewa da hannu ɗaya.

Sarƙar da ta dakushe ta fi mai kaifi haɗari, domin sai an danna ta da ƙarfi, mai dannawa kuma ya riga ya saki daidaiton tsayuwarsa. Alamar a bayyane take: sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya, dakusasshiya tana fitar da gari. Ɗan magagari mai zagaye da ake wasa haƙoranta da shi ya fi yawancin kayan aikin araha, ya kuma fi su ceton rai. Akwai kuma illolin da ba sa zubar da jini, shi ya sa ba a lissafa su. Ƙarar injin ta haura desibel 100, alhali masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a 85 ga mai yini yana aiki. Je ka yi hira da wanda ya shekara goma yana riƙe inji, za ka ga sai ka ɗaga murya. Girgizar injin tana kashe jijiyoyin yatsu a hankali. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda wasu ke zuba wa sarƙa don tsimi, yana fantsama a fata da fuska duk yini.

Wayar lantarki ita ce na fi jin tsoro a ƙasarmu, saboda wani dalili da ya keɓanta da mu. Mai sara kan leƙa ya ga unguwa babu wuta, ya ce NEPA sun ɗauke, ya hau. Amma wa ya san lokacin da za a dawo da ita? Ba mai busa ƙaho. Ga kuma janareton maƙwabci da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba, wanda ke iya tura wuta cikin layin da ake zaton a mace yake. Manyan layukan 11KV da 33KV ba sai an taɓa su ba, wuta na iya tsallakowa idan an matso kusa, ɗanyen reshe kuma yana ɗaukar ta zuwa jikin wanda ke riƙe da shi. Duk bishiyar da ta shiga waya, aikinta ba na mai gatari shi kaɗai ba ne. A je ofishin kamfanin rarraba wuta, KEDCO ne a Kano da Katsina da Jigawa, Kaduna Electric ne a Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kabi, NIGELEC ne a Nijar, a nemi su kashe layin da hannunsu, ma'aikacinsu yana tsaye a wurin har a sauko.

Zuma da rina da maciji a kogo ba sai an tsawaita ba. Kowane mai hawa yana da labarinsu. Minti biyar na zagaya bishiya ana kallon sama kafin a hau ya isa ya nuna yawancinsu.

Yanzu mu juya ga majinyaci na biyu. Darbejiya ba 'yar ƙasa ba ce. Daga yankin Indiya ta fito, an kawo ta lardin Barno a 1928, ta bazu har ta zama inuwar kowane gari daga Maiduguri zuwa Maraɗi. Juriyarta ce ta jawo mata wulaƙanci. Tun da ko an ƙundume ta tana sake tohowa, sai muka ɗauka ƙundumewa ita ce gyara, har muka riƙa yi wa mangwaro da maɗaci haka. Wani masani na hukumar gandun dajin Amurka, Alex Shigo, ya shafe shekaru yana tsaga dubban bishiyoyi yana duba abin da ke faruwa a ciki bayan an ji musu rauni. Abin da ya bayyana a shekarun 1970 shi ne bishiya ba ta warkewa irin ta mutum. Killace wurin da ya lalace take yi, ta gina sabon itace a kewaye. Ƙarfin wannan killacewa yana a ɗan kumburin nan da ke gindin kowane reshe, inda ya haɗu da uwarsa. Idan aka yanka dab da wajen kumburin, bishiya za ta rufe bakin raunin da kanta. Idan aka shafe shi tas da jikin gungume, ko aka bar dogon kututture, ruɓa ta samu ƙofa, gara ta biyo. Shafa fenti ko baƙin mai a kan raunin ba ya hana komai.

Ƙundumewa kuwa raunuka ne manya da yawa a lokaci ɗaya, ga bishiyar da aka raba da duk ganyen da take ci da shi. Tohon da zai fito a gigice yake fitowa, a saman ɓawo yake maƙale, a gefen kututturen da ke ruɓewa. Bayan 'yan shekaru ya yi tsawo ya yi nauyi, iska ta zo ta ɓalle shi a kan rufin nan da aka so karewa. Sai a sake kiran mai sara, ya hau bishiyar da ta fi ta farko haɗari. Ƙwararru suna ba da shawarar kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a zuwa ɗaya. Babban reshe kuma sara uku ake yi masa: a fara ɗan tsaga ta ƙasa, nesa kaɗan da gindi, don kada ya saɓule ɓawon uwarsa idan zai faɗi, a yanke ta sama gaba da wannan tsagar, sannan a dawo a cire guntun da ya rage a bakin kumburi. Mafi sauƙi duka shi ne a gyara bishiya tana ƙarama, lokacin da wuƙa ta isa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada a ce wannan ilimin Turawa ne da bai shafe mu ba. Makiyayin da ke sassabe gawo da barandami a rani, lokacin da gawo ke da ɗanyen ganye a fili, ya san idan ya wuce gona da iri baɗi dabbarsa ba za ta samu ba. A jihar Maraɗi, tun daga 1983, wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki da manoma a kan abin da ake kira sassabin zamani: a zaɓi 'yan toho masu ƙarfi a kan kututturen da ke gona, a cire sauran da kaifaffen ƙarfe, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Da wannan dabara, wadda adda kawai take buƙata, aka farfaɗo da bishiyoyi a kan kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Manoman karkara ne suka koya wa juna ita, gona zuwa gona. In haka ta yiwu a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram, ban ga abin da zai hana masu sara a Kano da Zariya su koyi inda ake ɗora bakin inji ba.

A Birtaniya, inda gyaran bishiya ya zama sana'a mai takardar shaida, dokar aiki a sama ta 2005 ta wajabta a tsara kowane hawa, wata doka ta 1998 kuma ta sa a riƙa kai ɗamara da igiyoyin hawa ana duba su duk wata shida. Mai hawa ba ya aiki shi kaɗai. Dole a ƙasa akwai wanda aka horar ya hau ya sauko da shi idan ya ji rauni. Yana sa wando na musamman mai zaruruwa a ciki, waɗanda ke cusa kansu cikin inji su tsayar da sarƙa kafin ta kai nama. Duk da haka suna lissafa aikin cikin mafi haɗari a ƙasarsu. Ba na cewa a kwaso tsarinsu dukansa a jibga wa mutumin da ke neman na cefane. Wandon kaɗai ya fi ƙarfin ribar wata guda, zafin Afrilu kuma ba zai bar kowa ya yini cikinsa ba. Amma a duba abin da ke cikin tsarin nasu wanda ba ya cin kuɗi: kada a yi aiki mutum ɗaya, a kori yara da 'yan kallo, idan kayar da bishiya za a yi su yi nisan tsawonta sau biyu, mai kayarwa ya share hanyar gudu ta baya a karkace tun kafin ya tada inji, na sama ya yi kira, na ƙasa ya amsa, sannan a saki reshe, kada a hau ana iska ko bayan ruwa. Sai masu ɗan kuɗi kaɗan: hular kwano mai maɗauri, tabarau, abin toshe kunne, takalmi mai rufi.

Najeriya tana da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, amma mai saran da aka kira daga bakin titi ba ya cikin rajistar kowa. In ya karye, iyalinsa ne da mai ɗori. Muna da kwalejin gandun daji ta tarayya a Jos, muna da ta injunan gandun daji a Afaka kusa da Kaduna. Horon mako ɗaya da Hausa, a kai shi har inda masu injin suke taruwa, bai fi ƙarfin waɗannan makarantu da ma'aikatun muhalli na jihohi ba. Gwamnatocin da ke rabon dashe duk damina ya kamata su tuna cewa bishiyar da aka dasa yau wani ne zai hau ta nan da shekara goma sha biyar.

Game da tsautsayi, babu Musulmin da ke musun ƙaddara. Amma malamanmu sun sha faɗa mana cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Hawa da ruɓaɓɓiyar igiya kusa da wayar da ba a kashe ba sakaci ne, kuma akwai hannun wanda ya sa aikin a ciki.

In kuma abin ya auku, a san cewa ɗaukar gaggawa tana ƙarasa abin da faɗuwa ta fara. Wanda ya faɗo daga sama ba a ciccibarsa hannu da ƙafa a cusa a Keke, ba a zaunar da shi, ba a jan wuyansa don a miƙe shi. A kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, wani ya riƙe kansa kada ya juya, a nufi asibiti. Irin wannan rauni ne asibitin ƙashi na Dala a Kano yake karɓa. Yankan inji a danne shi da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi, ba a zuba ƙasa ko fetur. Wanda wuta ta kama ba a taɓa shi, ba a taɓa bishiyar, sai an tabbatar an kashe layi.

Maigida, kafin ka aika a kira mai sara a wannan daminar, ka ware kuɗin aikin a aljihu, ka raba cinikin itace da cinikin sara. Ka nuna masa rassan da suka dame ka, ka ce sauran a bar su. Ka dubi igiyarsa da idonka, ka tambaye shi wa zai tsaya masa a ƙasa, ka shigar da yaranka cikin gida. In ya ce aikin sai gobe saboda iska, ka bar shi sai goben.